Gidan yuro ɗaya a Italiya: Me mai saye yake saya?

A watan Janairun 2019 ne hukumomin wani ƙaramin gari da ake kira Sambuca, a tsibirin Sisili da ke kudancin Italiya, suka ba da sanarwar cewa za su sayar da wasu tsofaffin gidaje a kan yuro ɗaya kowanne.

Kuɗin dai kusan daidai yake da na ƙaramin kofin gahawa a shagunan garin.

Cikin 'yan kwanaki labarin ya bazu a duniya, wayoyin ofishin magajin gari suka dinga ruri ba dare ba rana, yayin da dubban saƙonni ke shigowa daga Amurka da Birtaniya da ƙasashen Larabawa da wasu wurare masu nisa.

Tun daga lokacin, garuruwa da dama a Italiya sun bi sahu, har batun "gidan yuro ɗaya" ya zama abin da kafofin watsa labarai kan waiwaya kusan kowace shekara.

Sai dai Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya ba ka gida a kan kuɗin shayi, to akwai abin da yake son ya sauke daga kansa, kuma a mafi yawan lokuta wannan abin shi ne ainihin hajar da ake ciniki.

Garuruwan da suka zama kufai

Kafin a fahimci farashin, sai an fahimci yadda gidajen suka rasa masu su.

Tsakanin 1876 da 1915, 'yan Italiya kimanin miliyan 14 ne suka bar ƙasarsu don neman abinci, da yawansu zuwa Amurka da Ajantina da Brazil.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka sake wani sabon ƙaura. Matasan kudanci suka nufi masana'antun Milan da na Turin, inda kamfanin motoci na Fiat yake, wasu suka tsallaka Jamus da Suwizalan, wasu kuma suka shiga ramukan haƙar kwal na Beljiyam.

A haɗarin mahaƙar Marcinelle ta Beljiyam a 1956, cikin mutum 262 da suka mutu, 136 'yan Italiya ne.

Waɗanda suka tafi sun bar iyaye a gida. Iyayen suka tsufa suka rasu, aka rufe ƙofa aka tafi da makulli.

Har ma waɗanda ba su bar garin ba, da suka samu hali sai suka sauko daga tsohuwar unguwa mai lunguna da matattakala, suka gina gidajen siminti a gefen gari inda mota ke iya zuwa har ƙofa.

A yammacin Sisili kuma, girgizar ƙasar da ta auku a kwarin Belice cikin watan Janairun 1968 ta ƙara dagula al'amura. Ta hallaka fiye da mutum 200, ta raba dubun dubatar jama'a da muhallinsu, kuma akwai garuruwa irin su Poggioreale da Gibellina da aka bar su kwata-kwata aka sake gina su a wani wuri.

A yau babbar matsalar ita ce ƙarancin haihuwa. A 2022 adadin jariran da aka haifa a Italiya ya yi ƙasa da 400,000, karon farko tun bayan haɗewar ƙasar a 1861.

Ƙidayar da aka yi a 2021 ta nuna cewa gidaje fiye da miliyan 9 ne ba kowa ke zaune a cikinsu na dindindin ba, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen ƙasar, kodayake wannan adadi ya haɗa da gidajen hutu.

Daga cikin ƙananan hukumomi kusan 7,900 da Italiya ke da su, kimanin kashi 70 cikin ɗari ba su kai mutum 5,000 ba.

Wanda ya fara

Ana danganta dabarar da Vittorio Sgarbi, wani masanin zane-zane kuma ɗan siyasa da ya yi suna wajen tayar da ƙura a talabijin, wanda aka zaɓa magajin garin Salemi a 2008.

Ya ba da shawarar a sayar da gidajen tsohuwar unguwar garin, waɗanda girgizar ƙasar 1968 ta lalata, a kan yuro ɗaya, bisa sharaɗin mai saye ya gyara.

Shawarar ta ja hankalin 'yan jarida matuƙa, amma ba ta je ko'ina ba. A 2012 Mista Sgarbi ya sauka, gwamnatin Roma kuma ta rushe majalisar garin bisa zargin cewa 'yan Mafia sun kutsa cikin harkokinta. Sai a 2020 Salemi ya sake fitowa da shirin.

Garin Gangi, da ke kan tsaunukan Madonie a arewacin tsibirin, shi ne ya fara nuna cewa abin zai iya yiwuwa, inda ya riƙa miƙa gidaje ga baƙi sannu a hankali ba tare da hayaniya ba.

A 2018 garin Ollolai na tsibirin Sardiniya, wanda jama'arsa suka ragu daga kimanin 2,250 zuwa 1,300, ya sa gidaje 200 a kasuwa. Mussomeli da Sambuca da sauransu ma sun yi irin haka.

Me ya sa mutum zai kyautar da gida?

Kango a Italiya kaya ne a kan mai shi.

Akwai harajin da ƙananan hukumomi ke karɓa a kan gidaje, wanda ake kira IMU. Gidan da mutum yake zaune a ciki galibi ba a biya masa, amma duk wani gida na biyu ana biya, ko da ɓeraye ne kaɗai ke kwana a ciki. Idan an tabbatar cewa gidan ba ya zaunuwa akan yi ragi, amma ba a yafewa gaba ɗaya.

Abu na biyu shi ne alhaki. Dokar ƙasar ta ɗora wa mai gini nauyin duk wata ɓarna da rushewar gininsa ta jawo. Idan dutse ya faɗo daga baranda ya fasa kan mai wucewa, ko katanga ta afka wa maƙwabci, mai gidan za a nema, ko yana Turin ko yana Toronto.

Saboda haka ga jikan da ya gaji kaso a wani gida da bai taɓa kwana a ciki ba, wanda zai karɓi gidan ya taimake shi.

A nan ne ya kamata a lura da wani abu da tallace-tallacen ba su cika bayyanawa ba: a mafi yawan garuruwan, gidajen ba na ƙaramar hukuma ba ne. Hukuma dillali ce kawai, tana haɗa mai kango da mai nema.

Matsalar gado

Wannan kuwa shi ne inda shirin ya fi cin tuntuɓe.

Dokar gado ta Italiya ta ware wa mata ko miji da 'ya'ya kason da ba a iya hana su ko da wasiyya. Idan ba a raba dukiyar ba, gida yakan zama mallakar magada baki ɗaya, kowa da kasonsa a takarda.

Bayan zuriya biyu ko uku, gida mai ɗaki uku yana iya zama na mutum goma sha ko ashirin, wani a Roma, wani a Buenos Aires, wani kuma ya rasu ba a ma yi rajistar nasa magadan ba.

Ba a sayar da gidan gaba ɗayansa sai kowannensu ya sa hannu, ko ya ba da wakilci a rubuce. Mutum ɗaya ya ƙi, ko aka rasa inda yake, ciniki ya tsaya.

Wannan ba baƙon labari ba ne ga wanda ya san tsofaffin unguwannin Kano ko Zariya ko Katsina, inda akan ga gidan gado a tsakiyar gari soro ya rufta, damina tana cinsa shekara bayan shekara, domin magada ba su daidaita a raba ko a sayar ba, kuma ba wanda zai zuba kuɗinsa a abin da ba nasa shi kaɗai ba.

A garin Patrica da ke kudu da Roma, an ba da rahoto a 2024 cewa cikin kimanin gidaje 40 da aka yi niyyar sayarwa, biyu kacal aka iya cefanarwa. Magajin garin ya ɗora laifin a kan wahalar gano magada da kuma rashin jituwa tsakanin dangi.

Sambuca ya tsira daga wannan ne saboda wani dalili na tarihi. Bayan girgizar ƙasar 1968, iyalai da yawa sun koma sababbin gidaje, tsofaffin kuma suka dawo hannun ƙaramar hukuma. Mai sayarwa ɗaya ne, takardu kuma a wuri ɗaya.

Lissafin gaskiya

To nawa ne ainihin kuɗin?

Da farko, a wasu garuruwan yuro ɗaya farashin buɗe gwanjo ne. A Sambuca, gidaje 16 aka yi gwanjonsu a watan Mayun 2019, kuma mafi tsada a cikinsu ya kai yuro 25,000.

Sannan akwai kuɗin ajiya. A Sambuca da Mussomeli an nemi mai saye ya ba da jinginar yuro 5,000, wanda zai rasa idan bai kammala gyaran cikin shekara uku ba. Manufar ita ce a hana masu saye su ajiye suna jiran farashi ya tashi.

Bayan haka sai kuɗin takardu. Duk cinikin gida a Italiya sai ya bi ta hannun wani jami'in shari'a da suke kira notaio, wanda shi ke bincika asalin mallaka, ya shaida ciniki, ya karɓi harajin gwamnati. Aikinsa ba kyauta ba ne, kuma idan mai saye ba ya jin Italiyanci sai an ɗauko tafinta.

Harajin rajista kashi 9 cikin ɗari ne na ƙimar da gidan yake da ita a kundin gwamnati idan gida na biyu ne, ko kashi 2 idan a nan mutum zai zauna, amma ko yaya ƙimar ta ƙanƙanta ba a biyan ƙasa da yuro 1,000.

Wato tun kafin a ɗora bulo ɗaya, gidan yuro ɗaya ya riga ya lashe dubbai.

Sai babban aikin. A zagayen farko na Sambuca an gindaya cewa gyaran zai fara ne daga yuro 15,000, amma wannan mafi ƙanƙanta ke nan, kuma gidan da rufinsa ya rufta ba ya tsayawa a nan.

A ɗauka, alal misali, gida ne mai faɗin murabba'in mita 70, kuma kowace mita za ta ci yuro 1,000 idan aka haɗa rufi da daɓe da wayarin da famfo da tagogi. Lissafi ya kama yuro 70,000.

Tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ita ce: idan na gama, nawa zan iya sayar da shi? A garin da jama'a ke raguwa, amsar sau da yawa ba ta kai abin da aka kashe ba, domin a lungu na gaba akwai gidan da za a iya shiga yau, ana neman yuro dubu 30 ko 40 a kansa, kuma ya daɗe yana jiran mai saye.

A birni mai bunƙasa, filin da gida yake kai shi ke riƙe daraja ko da ginin ya lalace. A irin waɗannan garuruwa filin ba ya da mai nema, don haka babu abin da zai tallafi kuɗin da aka zuba.

Abin da hoto ba ya nunawa

Da yawa daga cikin masu sayen farko sun yi cinikin biri a sama, sun ga hoto a intanet sun tura kuɗi. Hoto kuwa yana nuna baranda da tsaunuka, ba ya nuna abin da ke cikin bango.

Gidajen na dutse ne da farar ƙasa, galibi tsukakku ne masu hawa biyu ko uku, ɗaki a kan ɗaki. A da, ƙasan na jaki ne da kayan gona, iyali kuma suna sama.

Babban abokin gabarsu ruwa ne. Da zarar rufi ya fara yoyo, katakon da ke ɗauke da shi yakan ruɓe, daga nan ruwa ya sauka kan daɓen bene, shi ma ya bi. Ta ƙasa kuma danshi yana hawa bango, musamman a gidajen da aka jingina da jikin tsauni.

Wani kuskure da magina na zamani kan yi shi ne shafe irin wannan bango da siminti. Simintin yakan kulle danshin a ciki, bayan 'yan shekaru fulasta ta fara ɓarewa. Duk wanda ya ga abin da ke faruwa idan aka yi wa ginin ƙasa fulastar siminti a ƙasar Hausa ya san wannan.

Haka kuma gidajen a manne suke da juna, bango ɗaya na gida biyu. Mutum zai iya gyara nasa tsaf, amma idan na maƙwabci kango ne wanda ba a san magadansa ba, ruwan da ke shiga can zai iso nan, kuma babu wanda za a kai ƙara.

Akwai kuma tsofaffin kwanon rufi da tankunan ruwa da aka yi da sinadarin asbestos, wanda Italiya ta haramta a 1992 saboda yana haddasa cutar daji. Cire shi sai kamfanin da ke da lasisi, da kuɗinsa daban.

Ba a fara aiki sai an ɗauki safiyo, wanda suke kira geometra, ko mai zanen gini ko injiniya, ya shigar da takardu a ƙaramar hukuma. Yawancin kudancin Italiya yanki ne na girgizar ƙasa, don haka duk aikin da ya taɓa ƙashin gini sai ya cika ƙa'idoji na musamman. Idan kuma ginin yana ƙarƙashin kariyar hukumar adana kayan tarihi, ko launin fenti ba a sauyawa sai da izini.

Sau da yawa a wannan mataki ne ake gano cewa wani kaka ya ƙara ɗaki ko banɗaki shekaru hamsin da suka wuce ba tare da izini ba, kuma abin da ke ƙasa bai dace da taswirar da ke ofis ba. Gyara wannan a takarda wani lokaci ne da wani kuɗin.

Lungunan ma matsala ne. Babbar mota ba ta shiga, sai dai a yi jigilar yashi da siminti da baro, ko da 'yar motar nan mai ƙafa uku ta kamfanin Piaggio da ake kira Ape, wadda 'yar uwa ce ga A Daidaita Sahun da ke yawo a titunan Kano. Kowane buhu da aka ɗauka da hannu yana ƙara kuɗin lebura.

Sannan ina maginan? Garin da matasansa suka watse ba ya da birkiloli da kafintoci da yawa. Abin ya ƙara tsananta bayan 2020, lokacin da gwamnatin Giuseppe Conte ta ɓullo da wani tallafi da ake kira Superbonus, wanda a lokacin ya riƙa mayar wa masu gida kashi 110 cikin ɗari na kuɗin wasu gyare-gyare ta hanyar ragin haraji.

Kowa ya tashi gyaran gida a lokaci ɗaya, farashin kayan gini ya yi tashin gwauron zabi, magina suka yi wuyar samu. Shirin ya ci wa baitulmalin ƙasar sama da yuro biliyan 100 kafin gwamnatin Giorgia Meloni ta rage shi. Waɗanda agogon shekara uku ke bugawa a kansu a wannan tsakani sun ji jiki.

Gida ba biza ba ne

Wannan batu yana buƙatar a faɗe shi ƙarara, domin akwai masu yaɗa labarin a shafukan sada zumunta tamkar wata ƙofa ce ta shiga Turai.

Mallakar gida a Italiya ba ta ba mutum izinin zama. Wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ne, ko da ya samu bizar ziyara, kwana 90 kawai yake da su a cikin kowane kwana 180, ko yana da gida ko ba shi da shi.

Akwai wata bizar zama da ake bai wa masu kuɗin shiga daga waje, kamar 'yan fansho, amma sai mutum ya nuna yana samun kimanin yuro 31,000 a shekara ba tare da yin aiki ba, kuma bizar ba ta ba shi damar neman aiki a Italiya.

Hatta sayen ma yana da sharaɗi. Baƙon da ba mazaunin Italiya ba ne, ana duba ko ƙasarsa tana bai wa 'yan Italiya irin wannan dama, kuma notaio ne ke tantancewa kafin ya amince da ciniki.

Saboda haka duk wanda ya ce a turo masa kuɗi zai samo gidan yuro ɗaya haɗe da takardar zama, a yi hattara da shi.

Ƙa'idojin sun nuna irin mutanen da ake nema. A 2019 Italiya ta kafa dokar da ta bai wa 'yan fanshon ƙasashen waje damar biyan harajin kashi 7 cikin ɗari kawai idan suka tare a ƙananan garuruwan kudanci. A watan Nuwamban 2024 kuma, bayan sake zaɓen Donald Trump, garin Ollolai ya buɗe shafin intanet yana kiran Amurkawan da sakamakon zaɓen bai yi wa daɗi ba.

Garin da gidan yake

Mai sayen kango yakan shagala da gini ya manta cewa garin ma yana cikin cinikin.

Dalilan da suka kori 'yan asalin wurin ba su gushe ba: ƙarancin aikin yi, hanyoyi masu lanƙwasa a kan tsauni, motar haya sau kaɗan a rana, asibiti mai nisa ko maras likitoci. A 2022 sai da aka nemo likitoci daga Ajantina don cike guraben asibitin Mussomeli.

Ruwa ma abin dubawa ne. A farin da aka yi a 2024, an riƙa raba ruwa da awo a lardunan Agrigento da Caltanissetta, inda Sambuca da Mussomeli suke, har wasu unguwanni kan yi mako ba su ga ɗigo a famfo ba. Tankunan da ke kan rufin gidaje a can ba ado ba ne. A kusa da birnin Siracusa na tsibirin ne kuma aka auna zafin da ya kai digiri 48.8 a ma'aunin Salshiyos a ranar 11 ga watan Agustan 2021, mafi tsanani da aka taɓa tabbatarwa a nahiyar Turai.

A gefe guda, garuruwan suna da abin da ke jan mutane, kuma wani ɓangare na wannan tarihi ya shafi Musulmi kai-tsaye.

A shekarar 827 ne rundunar daular Aglabawa ta tashi daga ƙasar da a yau ake kira Tunisiya ta sauka a Sisili, ƙarƙashin jagorancin alƙalin Ƙairawan, Asad ibn al-Furat, wanda ya yi karatu a wurin Imam Malik a Madina. Littafinsa al-Asadiyya ne tushen da Sahnun ya gina Mudawwana a kai, littafin da malaman Malikiyya na ƙasar Hausa suka sani sarai.

Musulmi sun riƙe tsibirin fiye da shekara 200, kafin Normawa su kammala ƙwace shi a 1091.

Sambuca kansa har zuwa 1923 sunansa Sambuca Zabut, kuma mutanen garin suna danganta kafuwarsa da wani amir Balarabe mai wannan suna. Tsohuwar unguwarsa mai ƙananan lunguna da tsakar gida a ɓoye, inda wasu daga cikin gidajen gwanjon suke, har yau da sunan Larabawa ake kiranta.

Wasu ƙasashen

Ba Italiya kaɗai ke fama ba. Binciken gwamnatin Japan na 2023 ya gano gidaje miliyan 9 da ba kowa a ciki, kashi 13.8 cikin ɗari na gidajen ƙasar. A can dokar haraji ce ta taimaka wajen taruwarsu, domin filin da ke da gida a kai ana rage masa haraji har zuwa kashi ɗaya cikin shida, don haka barin kango a tsaye ya fi rushe shi sauƙi. Matsalar magada ma tana nan, shi ya sa daga watan Afrilun 2024 aka wajabta yin rajistar gidan gado cikin shekara uku.

A Ingila kuwa, biranen Liverpool da Stoke-on-Trent sun sayar da gidaje a kan fam ɗaya daga 2013, amma da wata manufa daban. Sun nemi mutanen yankin masu aiki waɗanda ba su da gida, da sharaɗin su zauna a ciki aƙalla shekara biyar. A Stoke, hukuma ce ta yi gyaran, mai saye kuma ya ɗauki bashin fam 30,000 yana biya sannu a hankali.

Bambancin a bayyane yake: can ana neman mazauna, a Italiya kuwa yawancin garuruwan ba su wajabta wa mai saye ya tare ba.

Wa ya ci riba?

Idan aka auna shirin a matsayin talla, da wuya a samu wanda ya fi shi araha. Da gidaje 16 Sambuca ya shiga bakin duniya, har 'yar wasan kwaikwayon Amurka Lorraine Bracco ta sayi ɗaya, aka yi shirin talabijin a kan gyaransa a 2020.

Hukumomin garin sun ce baƙin da suka zo kallon gidajen yuro ɗaya, da suka ga halin da suke ciki, da yawa sun juya sun sayi waɗanda suka fi lafiya daga hannun masu su, kuma irin wannan ciniki ya haura gida ɗari. Garin ya sake yin gwanjo a 2021 daga yuro biyu, sannan a 2024 daga yuro uku.

Magina da safiyoyi da masu gidajen abinci sun samu aiki, wasu lungunan da suka mutu sun farfaɗo. Masu sayen da suka zo da ido buɗe, suna da kuɗin shiga daga wani wuri, kuma ba riba suke nema ba, da yawansu sun gamsu.

Amma idan aka auna shi da manufar da aka ambata tun farko, wato mayar da jama'a, sakamakon bai taka kara ya karya ba. Gidan da aka gyara ake zuwa hutu wata ɗaya a shekara ba ya ƙara ɗalibi a makarantar firamare, kuma ba ya hana a rufe reshen banki.

Wasu garuruwan sun gwada wata hanyar. A Riace da ke yankin Calabria, magajin gari Domenico Lucano ya buɗe gidajen da aka bari ya zaunar da 'yan gudun hijira, abin da ya jawo masa yabo daga ƙasashen waje da kuma shari'a a gida: a 2021 aka yanke masa ɗaurin shekara 13, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke mafi yawan tuhume-tuhumen a 2023.

Garin Sutera, maƙwabcin Mussomeli, wanda tsohuwar unguwarsa ke ɗauke da sunan Rabato mai asali daga Larabci, ya fara karɓar iyalan 'yan ci-rani bayan kifewar jirgin ruwa a kusa da tsibirin Lampedusa a ranar 3 ga watan Oktoban 2013, inda mutum 368 suka mutu. Cikin waɗanda aka zaunar a gidajen garin akwai 'yan Najeriya, kuma 'ya'yan baƙin sun taimaka wajen cike azuzuwan makarantar da ta kusa rasa ɗalibai.

Sai dai irin wannan shiri ya dogara ne da kuɗin gwamnatin tarayya da kuma yanayin siyasar Roma, kuma da yawa daga cikin baƙin, da zarar takardunsu sun fito, sukan kama hanyar arewa neman aiki, hanyar da 'ya'yan garin suka bi tun da farko.

A 2024, jarirai kimanin 370,000 aka haifa a Italiya, yayin da mutum kimanin 650,000 suka mutu.